Yara Ba Su Kashe Kujerar Ba, Asirinta Suka Tona

Kwanakin baya wani marubuci mai shafi a kan harkokin gida ya ba magidanta shawarar da ta yi wa mutane da yawa daɗin ji, musamman waɗanda aljihunsu ya ji jiki. Ya ce duk mai ƙananan yara kada ya wahalar da kansa neman kujerun kushin masu inganci. Ya shiga kasuwa ya ɗauki irin doguwar nan mai siffar L da ake yayi, wadda ke bin bango ta lanƙwasa a kusurwar falo, ya zaɓi mafi araha, ya kai gida, ya huta.

Hujjojinsa ba na wasa ba ne, kuma adalci shi ne a kawo su yadda ya kawo su. Ya ce yaro ba ruwansa da tsadar kujera: zai yi tsalle a kanta, ya zubar da koko, ya yi zane da biro, na goye ya yi fitsari. Tunda ko ta miliyan ce ƙarshenta lalacewa, gara a yi asarar kaɗan, a riƙa canzawa duk shekara biyu ko uku. Ya ce a zaɓi ta leda, domin tsumma ɗaya ya isa a goge duk abin da ya zube. Ya ce wajen gwaji a danna soson da hannu, in ya yi tauri to mai kyau ne. Ya ce a ɗauki babba gwargwadon yadda falo zai ɗauka, saboda baƙi. Sannan ya rufe da cewa kafintocinmu ba abin dogaro ba ne, don haka kujerar kirki a bari sai yara sun girma a sayo ’yar Turkiyya.

Malamin ya yi gaskiya a wuri biyu. Yara suna wahalar da kujera, kuma ba kowa ne ke da kuɗin manyan shagunan Abuja ba. Daga nan kuwa sai aka rabu.

A fara da lissafin, tunda a kansa ya gina komai. A ce, don misali kawai, mai arahar Naira 350,000 ce, mai ingancin kuma 600,000. Gidan da ake haihuwa duk bayan shekara biyu ko uku, yaushe ne “yara za su girma”? Kafin autan ya daina tsalle an yi shekara goma sha biyu cikin sauƙi, a wasu gidajen ma jikoki sun fara zuwa hutu. A shekarun nan mai bin shawarar Malam ya sayi kujera huɗu. Wanda ya ɗauki mai ingancin kuwa ya sayi ɗaya, ya sake mata riga sau ɗaya ko biyu. Wannan ma in farashi ya tsaya cak ke nan yana jiran mai saye. A farkon Yunin 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024. Sinadaran da ake haɗa soso da su daga waje ake shigo da su, haka mafi yawan yadin kujera da leda. Wanda ya tsara wa kansa komawa kasuwa duk shekara uku ya ɗaura ɗamarar tseren da ba zai ci ba.

Akwai kuma tambayar da Malam ya tsallake: wa zai riƙa biyan kuɗin canjin? A ƙasar Hausa kujerun farko yawanci cikin kayan ɗaki suke zuwa, uban amarya ne ya yi ta fafutuka ya saya. In sun mutu bayan haihuwar fari, sau da yawa matar ce ke zuba adashi, ko ta sayar da ɗan kunnenta, don kada a zo suna a tarar da falo a wulaƙance. Shawarar “a riƙa canzawa” tana da sauƙi a bakin wanda ba daga asusunsa za a cire ba.

Sai maganar leda, wadda ita ce ta fi ruɗar jama’a, domin rabinta gaskiya ne. Ranar da aka kawo ta, kunu ya zube, aka sa tsumma, shi ke nan. Amma mene ne wannan leda? Ba fata ba ce. Yadi ne aka shafa masa siririn rufi na roba, aka buga masa zane mai kama da fata. Rufin nan ba ya shiri da zafi da gumi da mai. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ga wuta ba kullum ba, ga yara an mulke su da man kaɗanya ko basilin, rufin yakan fara tsattsagewa a daidai inda ake ɗora kai da gwiwar hannu. Daga nan sai ya soma ɓarewa kamar fatar wanda ya yi ƙyanda. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan falo ya san yadda ake tashi da ɓarɓashi baƙi manne a bayan farar shadda, uwar gida tana ba da haƙuri tana kakkaɓewa. Ɓarɓashin nan kuma shi ne mai rarrafe ke tsinta ya kai baki. Yadi in ya yi datti a wanke shi, in ya yage a ɗinke. Leda in ta fara ɓarewa ba ta da magani, sai dai a lulluɓe ta da zanin gado, kamar yadda ake gani a gidaje da dama. To ina amfanin sauƙin gogewar, in bayan shekara biyu abin da ake zama a kai zanin gado ne?

Fatar gaske daban ce, tana iya shekaru da dama in ana shafa mata mai. Sai dai farashinta ba na mai neman araha ba ne. Abin dariyar ma, Kano da ta yi suna a duniya da jima, ga majemai a Sharaɗa da Challawa, fatun awaki da tumaki ta fi sarrafawa. Fatar shanu mai faɗin da zai rufe kujera, da yawanta tukunya ta riga majemi, an cinye ta ganda.

Abin da ya dace da gidan yara shi ne yadi mai matsattsiyar saƙa, irin na foliyesta mai kauri, a ɗinka wa kowane kushin riga mai zif da za a cire a wanke. Masana’antun yadi suna da ma’auni da ake kira Martindale, na’ura ce da ke goga yadin har ya gaji, a rubuta yawan gugar da ya jure. Na gidan da ake yawan zama ana so ya kai 25,000 zuwa 30,000. A kasuwanninmu ba kasafai ake samun takardar a jikin bandir ba, amma ido da hannu suna aiki. A ɗaga yadin a hasken rana, in haske na ratsawa sosai saƙar ta yi sako-sako. A karce shi da farce a ga ko zare zai taso. A jiƙa farin hankici a goga, in launi ya biyo to ranar wankin farko za a yi kuka. Launi kuma a tuna da ƙurar hunturu: fari ba ya haƙuri da manja, baƙi ba ya ɓoye ƙura, ruwan toka da ruwan ƙasa mai ɗan zane su ne masu rufin asiri.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Malam ya ɗora wa yara laifin karya kujera. Yaro ɗan shekara biyar bai cika wuce kilo 20 ba. Babansa mai kilo 80 ko 90 kullum yana faɗawa a gurbi ɗaya bayan sallar isha’i. Kujerar da ta karye don yaro ya yi tsalle, dama can a karye take, jiran dalili take yi.

A leƙa cikinta a gani. Katakon da ake aikin kujera da shi a Arewa mafi yawansa daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, a sauke shi a kasuwanni kamar ’Yan Katako ta Na’ibawa a Kano ko Dei-Dei a Abuja. Da yawansa ɗanye yake isowa, da ruwansa. Katakon kayan ɗaki ana so danshin cikinsa ya sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari kafin a taɓa shi da zarto, wannan kuwa sai an jera shi a inuwa ya sha iska na watanni, ko an sa shi a ɗakin busarwa. Kafintan da aka ce wa biki saura mako uku, kuma aka matse shi a farashi har ya rasa ribar ƙusa, ina ya ga wannan lokaci? Ya yanka ɗanyen, ya buga ƙusa, ya rufe da yadi mai walƙiya. Damina ta wuce lafiya. Hunturu na shigowa, iska ta bushe har leɓe na fashewa, katakon ya tsotse, ramin ƙusa ya yi faɗi, mahaɗa ta saki. Kujerar da aka kawo a watan Agusta shiru, a Janairu ta fara ƙara in an zauna. A Maris hannunta ya fara rawa. Ranar da ya ɓalle, ɗan gidan, Abba, ne ke kusa, sai a kama Abba da duka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Irin katakon ma magana ce. Obece mara nauyi ne, mai laushi, ƙusa ba ta kama shi da kyau, kuma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo gari yana son sa. Mahogani da loko, wanda ’yan kasuwa ke kira iroko, sun fi ƙarfi, loko kuma gara ba ta cika samun sa’arsa ba. Malaina in ta bushe sosai tana aiki daidai gwargwado, kuma ta fi su sauƙin kuɗi. Bayan katako sai haɗin: a kusurwoyi ana son a ga ƙaramin katako mai kusurwa uku an manna da gam an ɗaure da sukuru, ba ƙusa biyu a karkace ba. A ƙarƙashin mazauni, a kujerar araha abin da za a tarar shi ne tsiri-tsirin robar tsohuwar taya an ja an buga, a hannuwa da baya kuma kwali ne zalla aka lanƙwasa ya ba da siffa. Gwiwar yaro tana fasa kwali, gaskiya ne. Laifin gwiwar ne ko na wanda ya sayar da kwali da sunan kujera?

Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a gaban mai shago. A ɗaga ƙafar gaba ɗaya ta gunduwar da ta fi tsawo, kamar inci shida daga ƙasa. In ɗaya ƙafar gaban ta biyo ta tashi, ƙashin kujerar a ɗaure yake. In ta zauna daram a ƙasa, jikin ya murɗe ke nan, a yi sallama.

Shawarar danna soso kuwa, ita ce ta fi kowace ɓatar da mai saye, domin tauri daban, nagarta daban. Abin da ke nuna daɗewar soso shi ne nauyinsa a kan girmansa, wanda kafintoci da dillalan katifa ke kira densiti. Soson mazauni ana so ya kai kilo 28 zuwa 35 a kowace mita mai tsawo da faɗi da zurfi ɗaya. Na araha yakan tsaya a 18 ko ƙasa da haka, kuma ana iya haɗa shi ya yi tauri kamar bulo a ranar farko, bayan wata shida ya lotsa ya zama fanke. Wasu ma suna cusa garin farin dutse a cikin haɗin don ya yi nauyi a hannu, irin wannan in an murza gefensa yakan yi gari. Mai saye ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Kushin mai ƙafa biyu tsawo, ƙafa biyu faɗi, kaurin inci shida, in densitinsa 30 ne zai yi wajen kilo 1.7 a sikeli, in 18 ne da ƙyar ya wuce kilo ɗaya. Sikelin mai sayar da kaji ya isa ya raba gardama. Kamfanonin soso da aka sani suna buga suna da lamba a jikin nasu, sai a ce wa kafinta a ga tambarin kafin ya yanka, ko kuma mutum ya je wurin dillali da kansa ya sayo ya kawo.

Game da girma, Malam ya ce a cika falo saboda baƙi. Mai shago zai ce kujerar ta mutum bakwai ce. A ƙirga da kyau. Gurbin kusurwa ba shi da wurin sa ƙafa, wanda ya zauna a nan gwiwarsa na gugar ta maƙwabcinsa ta dama da ta hagu. A falon da suruki zai shigo gaisuwa ya tarar da surukarsa, wa zai yarda ya zauna haka? Ƙarshe baƙon ya zame ya zauna a kan kafet, kusurwar ta zama ma’ajiyar filo da rimot. Tsohon tsarin nan na mai uku da mai biyu da ’yan ɗai-ɗai guda biyu bai daɗe a falon Bahaushe a banza ba, yana ba kowa tazarar da kunya ke buƙata. Mai son L ba a hana shi ba, tana da daɗin kishingiɗa, kuma tana barin tsakiyar ɗaki fili don yara da shimfiɗa darduma. Amma ya ɗauki madaidaiciya, ya ƙara kujera ɗaya ko biyu masu zaman kansu a gefe.

Kuma ya tuna gidan haya yake, in a haya yake. L ɗin da aka ƙera kusurwarta a dama ba za ta koma hagu ba don an sake gida. Wadda aka yi dunƙule guda kuma ba ta shiga ƙofa mai faɗin ƙafa uku in akwai lungu a gabanta, an sha ganin ana cire taga ko kafinta yana raba sabuwar kujera da zarto a tsakar gida. A sa a yi ta gunduwa uku ko huɗu masu ƙugiyar ƙarfe a ƙasa, kowace mutum biyu su iya ɗauka, a iya juya tsarin yadda ɗaki ya ba da dama. In ɗaya ta samu matsala ita kaɗai za a ɗora a Keke Napep a kai gyara. Ƙafafu kuma su ɗaga ta inci biyar ko shida, tsintsiya ta shiga, ruwan mofa kada ya taɓa katako, ɓera da kyankyaso su rasa gida.

Saura zancen ’yar Turkiyya. Babu musu, garin Inegol da ke lardin Bursa yana fitar da kaya masu kyau, haka Foshan a ƙasar Sin. Amma duk biyun suna yin na sarki suna yin na talaka, kuma ɗan kasuwar da zai biya kuɗin kwantena da na kwastan da Dala ba lallai ne na sarkin ya ɗauko ba. Da yawa ƙashinsu na garin katako ne da aka matse, wanda in ruwa ya shige shi yake kumbura, sukuru ya daina kamawa, kafinta ya duba ya ce babu inda zai riƙe. Ba ma duk wadda aka kira ’yar Turkiyya a shago ce ta taɓa hawa jirgin ruwa ba. Wata yadin ne kawai baƙo, sauran aikin a bayan layi aka yi shi. Wato kafintan da Malam ya ce ba a dogara da shi, shi ne dai ya ƙera, aka ninka kuɗin saboda suna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sana’ar nan kuwa ba jiya ta fara a nan ba: kamfanin da ya zama Mouka ya soma a Kano a 1959 da ƙera kayan ɗaki da gadajen ƙarfe, Vitafoam mai yin soso kuma tun 1962 aka kafa shi a Najeriya. Kayan aiki akwai, gwanaye akwai. Akwai kuma macuta, kamar kowace sana’a, kuma farashin da Malam ke cewa a nema shi ne ainihin wanda ke tura mai gaskiya ya koma kwali da robar taya.

Abu ɗaya da bai ko ambata ba, alhali gidan yara ake magana, shi ne haɗari. Kujerun araha masu ado sun cika maɓallai da duwatsun roba masu ƙyalli da aka manna da gam, daidai girman maƙogwaron ɗan shekara biyu. Soso kuma abokin wuta ne, yana ci da sauri yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Gobarar da ta tashi a sashen kujeru na kantin Woolworths a Manchester a 1979 ta kashe mutum goma, kuma tana cikin abin da ya kai Birtaniya ga kafa dokar kariyar wuta a kayan ɗaki ta 1988. A nan babu mai tambayar soson kujera ko ya ci wannan jarrabawa. Ga kaskon turaren wuta da ake turawa gindin kujera don ƙamshi ya kama yadin, ga maganin sauro na kunnawa, ga kyandir in an ɗauke wuta. Ledar da ta tsage soso ya leƙo waje ta fi kowace kusa da wannan bala’i.

Matsayin mai wannan rubutu shi ne: mai yara ya fi kowa buƙatar kujera mai ƙashi, kuma kuɗinsa ya tafi ga abin da ba a gani, katako busasshe da soso mai nauyi, ya rage a ado. In kuɗin bai kai na L mai gunduwa huɗu ba, ya yi biyu masu kyau bana, ya ƙara sauran baɗi, tunda dama haɗawa ake yi. Ya nemi kafintan da zai nuna masa aikin da ya yi shekara biyar da suka wuce a gidan wani, ba hoton waya ba. Su rubuta a takarda irin katako, lambar soso, sunan yadi da ranar kawowa. Kuɗi kashi uku: na fara aiki, na biyu ranar da aka je aka ga ƙashin kujerar tsirara kafin a rufe, na ƙarshe bayan an sauke ta a falo an zauna. Kafintan da ya ce, “Alhaji, ka zo ranar Laraba ka gani kafin mu sa soso,” a riƙe lambarsa. Wanda ya fara cewa ai ba a haka, a bar masa kayansa.

Sannan a sayi ƙarin yadi uku daga bandir ɗin da aka yanka, domin bayan shekara biyu ba lallai a sake samun launin a kasuwa ba. A naɗe a sa a ƙasan akwati. Ranar da Abba ya gwada sabuwar rezar fiƙe fensir a kan kushin na tsakiya, tela ne zai ɗinka riga ɗaya kafin la’asar.